Jagora: Yadda Ake Gano da Gyara Madubin Ma'ajiyar Manhajoji da Ya Tsaya a Baya

Manhajojin da mai amfani da Linux ke sakawa a kwamfutarsa ba kai tsaye daga hannun waɗanda suka rubuta su suke zuwa ba. Kowane nau'in Linux, Debian ne ko Ubuntu ko Fedora ko Arch, yana da babbar ma'ajiya inda ake zuba ƙunshe-ƙunshen manhajoji, sannan akwai ɗaruruwan sabobi a faɗin duniya, na jami'o'i da kamfanonin sadarwa da masu aikin sa kai, waɗanda ke kwafe wannan ma'ajiyar lokaci bayan lokaci domin a rage mata nauyi, kowa kuma ya ɗauko daga inda ya fi masa kusa. Waɗannan sabobin su ne madubai. Muddin madubi yana kwafa a kan kari, ba wanda zai ma tuna da shi, amma da zarar kwafar ta tsaya, ko ta yanke a tsakiya, ko kuma aka kwashe sigar da kake amfani da ita daga ma'ajiyar gaba ɗaya, sai matsaloli su fara ɓullowa ta fuskoki daban-daban.

Mutane da yawa, da sun ga jan rubutu a allo, sai su garzaya su sauya madubi, wani lokaci a dace, wani lokaci kuma a gudu ba a tsira ba. Hanyar da ta fi ita ce a fara tantance wane ne ya tsaya a baya cikin abubuwa huɗu: kwamfutarka, hanyar da ke tsakaninka da madubin, madubin kansa, ko kuwa sigar tsarin da kake kai. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Misalan da ke tafe sun fi karkata ga `apt`, umarnin saka manhajoji na Debian da Ubuntu, tare da abin da ya bambanta a `dnf` na Fedora da `pacman` na Arch inda ya kamata.

Mataki na farko: karanta saƙon kuskuren da kyau

Ka gudanar da `sudo apt update` shi kaɗai, ba tare da haɗa shi da wani umarni ba, ka karanta abin da ya fito daga sama har ƙasa. Wannan umarnin ba ya saka komai, jerin abubuwan da ke cikin ma'ajiya kawai yake ɗaukowa ya ajiye a `/var/lib/apt/lists/`, kuma da wannan jerin ne `apt` ke aiki daga baya. Idan kuskuren `404 Not Found` ya fito a lokacin saka wata manhaja, alhali ka daɗe ba ka sabunta jerin ba, to mai yiwuwa madubin lafiyarsa ƙalau: jerinka ne ya tsufa, yana neman sigar da aka riga aka maye gurbinta da sabuwa aka goge. Sabunta jerin kaɗai ya isa.

Idan kuwa `404` ɗin ya fito ne a kan `apt update` kansa, tare da cewa ma'ajiyar `does not have a Release file`, to ko dai an yi kuskure wajen rubuta adireshin, ko kuma sigarka ta bar wannan sabar. Saƙon `Hash Sum mismatch`, da ɗan'uwansa `File has unexpected size` wanda kan zo da tambayar `Mirror sync in progress?`, suna nuna cewa fayil ɗin da ya iso bai yi daidai da wanda aka yi alkawari a jerin ba. Saƙon da ke cewa fayil ɗin `Release`, mai ɗauke da bayanin ma'ajiyar, `is expired` yana nufin wa'adinsa ya wuce, wanda ke cewa `is not valid yet` kuma yana nufin kwamfutarka na ganin lokacinsa bai yi ba tukuna. `NO_PUBKEY` da `EXPKEYSIG` batun makullin sa hannu ne, wato abin da ake tabbatar da ingancin fayilolin ma'ajiya da shi. Ka lura da layin da kuskuren ya fito a kai, domin sau da yawa ma'ajiya ɗaya ce tak cikin biyar ko shida take da matsala, kuma galibi wata ce ta waje da aka ƙara tun tuni aka manta da ita.

Mataki na biyu: duba agogo

Umarnin `timedatectl` zai nuna maka kwanan wata da lokaci, da kuma ko agogon yana daidaita kansa ta intanet. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, ko kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) da aka dakatar na tsawon makonni sannan aka tashe ta, takan wayi gari a ranar da ba ita ba. Idan agogon yana baya za ka ga `not valid yet`, idan kuma yana gaba za ka ga `expired`, a duka biyun madubin ba shi da laifin komai. Ka gyara da `sudo timedatectl set-ntp true`, ka ɗan dakata, ka sake gwadawa.

Mataki na uku: san ainihin inda kake ɗaukowa

A Debian da tsofaffin sigogin Ubuntu adireshin yana cikin `/etc/apt/sources.list`, ƙarin ma'ajiyoyi kuma suna cikin `/etc/apt/sources.list.d/`. Daga Ubuntu 24.04 an mayar da babban adireshin zuwa `/etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources`, cikin sabon tsarin rubutu mai layukan `URIs:` da `Suites:` da `Components:`, saboda haka wanda ya buɗe tsohon fayil ɗin ya tarar da shi kusan wayam kada ya ɗauka wani abu ne ya ɓata. Umarnin `apt policy` yana jero dukkan ma'ajiyoyin da `apt` ya sani a halin yanzu. A Fedora da dangin Red Hat sai a duba `/etc/yum.repos.d/`, a Arch kuma `/etc/pacman.d/mirrorlist`, inda `pacman` ke fara gwada sabar da ke saman jeri. Ka kuma tabbatar da sunan sigarka ta `cat /etc/os-release`, domin za ka buƙace shi nan gaba.

Mataki na huɗu: auna yadda madubin ya tsufa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa. Madubin da ya lalace har yana fitar da kuskure ya yi maka alheri, tunda ya sanar da kai. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya daina kwafa cikin ruwan sanyi, fayilolinsa duk sun dace da juna, sa hannunsu ingantacce ne, sai dai na watannin baya ne. `apt` zai gaya maka cewa komai na zamani ne, kai kuma ka kwanta da kwanciyar hankali, alhali gyare-gyaren tsaro na ta fita ba sa isowa gare ka. Idan makonni suka shuɗe ba ka ga sabuntawa ko ɗaya ba a tsarin da ake tallafa wa, wannan shirun kansa alama ce da ya kamata a bincika.

Kowane reshe na ma'ajiyar Debian ko Ubuntu yana da fayil mai suna `InRelease` wanda ke ɗauke da ranar da aka samar da shi. Ka ɗauko wannan ranar daga madubinka, ka sake ɗauko ta daga babbar ma'ajiya, ka kwatanta:

`curl -s http://ADIRESHIN-MADUBI/ubuntu/dists/noble-updates/InRelease | grep -m1 ^Date:`

`curl -s http://archive.ubuntu.com/ubuntu/dists/noble-updates/InRelease | grep -m1 ^Date:`

A kula da reshen da aka zaɓa. `noble` shi ne sunan Ubuntu 24.04, kuma reshen `noble` zalla an daskarar da shi tun da sigar ta fita a watan Afrilun 2024, don haka ranarsa ba ta motsawa a kowane madubi, mai kyau ko marar kyau. Wanda ya auna da shi zai ga tsohuwar rana ya ɗora wa madubi laifin da bai yi ba. Rassan da ke motsi su ne masu ƙarewa da `-updates` da `-security`, su ake aunawa. Haka abin yake a Debian, inda babban reshen tsayayyiyar siga ba ya canzawa sai lokacin ƙananan sabuntawa da ake fitarwa bayan 'yan watanni, amma reshenta mai ƙarewa da `-updates` yana motsi kullum.

Tazarar sa'o'i kaɗan ba abin damuwa ba ce. Debian tana sabunta babbar ma'ajiyarta sau huɗu a rana, kuma dole madubai su ɗauki lokaci kafin su cim mata. Tazarar kwana biyu ko uku ta cancanci a sa ido, ta mako guda kuwa ta isa a nemi wani madubin. Debian ta yi tanadin wannan ta hanyar saka layin `Valid-Until` a rassan da ke motsi, mai wa'adin kusan mako guda, domin idan madubi ya tsaya, ko wani mugu ya riƙa miƙo maka tsofaffin fayiloli da gangan don ya hana ka samun gyaran tsaro, `apt` ya ƙi karɓa. Saboda haka idan agogonka daidai yake kuma ka ga `expired`, tsarin ne ke aikin da aka gina shi dominsa.

Akwai wasu alamomin. Madubin Debian yana da babban fayil `project/trace/` inda kowace sabar da kwafar ta bi ta kanta ke barin shaidar lokacin da ta gama, kuma idan ana tsakiyar kwafa za ka ga fayil mai farawa da `Archive-Update-in-Progress` a tushen ma'ajiyar. Ubuntu tana nuna matsayin madubanta a shafin Launchpad, inda ake rubuta ko madubi yana kan kari ko yana baya da kwana ɗaya ko mako. A Arch kowane madubi yana da ɗan fayil mai suna `lastsync` mai ɗauke da lamba, wadda za ka mayar kwanan wata da `date -u -d @LAMBAR`, kuma shafin Arch yana da teburin matsayin madubai. Wata alama a Arch ita ce gargaɗin cewa ƙunshin da ke kwamfutarka `is newer than` wanda ke ma'ajiya, wato madubin yana bayan abin da ka riga ka saka. Fedora ta sauƙaƙa wa mutane wannan aikin, domin layin `metalink=` yana kawo jerin madubai tare da lambar tantancewar fayil ɗin `repomd.xml` na yanzu, `dnf` kuma yana tsallake madubin da nasa bai dace ba. Wanda ya cire `metalink=` ya kafa `baseurl=` guda ɗaya ya yar da wannan kariyar da hannunsa.

Mataki na biyar: share abin da ya maƙale, ka kuma duba hanya

Idan ranar madubin ta yi daidai amma `Hash Sum mismatch` bai tafi ba, ka jira rabin sa'a ka sake gwadawa, domin wataƙila ka zo ne ana tsakiyar kwafa. Idan ya ci gaba, ka share jerin da aka ajiye ka ɗauko sabo:

`sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*`

`sudo apt clean`

`sudo apt update`

Ka rubuta layin farko da natsuwa, harafi bayan harafi, domin tazara ɗaya da ta shiga inda bai kamata ba za ta iya share abin da ba ka nufa ba. A Fedora makamancinsa shi ne `sudo dnf clean all` sannan `sudo dnf upgrade --refresh`.

Idan har yanzu kuskuren na nan, ba a nan gizo ke saƙar ba, sai a dubi hanya. Wasu ofisoshi da makarantu da kamfanonin sadarwa suna da sabar tsakiya da ke ajiye kwafin abin da aka saba ɗaukowa don rage cin data, kuma takan miƙo tsohon jeri tare da sabon `InRelease`, su ƙi dacewa. Ka bincika `/etc/apt/apt.conf.d/` ko akwai layin `Acquire::http::Proxy`, ka kuma gwada daga wata hanyar intanet dabam. Idan abin ya yi aiki a can, matsalar ta hanya ce, kuma mayar da adireshin daga `http` zuwa `https`, a madubin da ke karɓar hakan, yakan warware ta, tunda sabar tsakiya ba ta iya ajiye abin da ba ta gani.

Mataki na shida: sauya madubi

Sai yanzu ne sauyi ya halatta. Ka fara ajiye kwafin fayil ɗin kafin ka taɓa shi. A Debian, `deb.debian.org` shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali, domin adireshi ne guda da ke kai ka ga sabar da ke kusa ta hanyar cibiyar rarrabawa. A Ubuntu, idan madubin ƙasa, mai haruffa biyu na sunan ƙasa a gaban adireshinsa, ne ya tsaya, ka koma `archive.ubuntu.com`:

`sudo sed -i.bak 's|TSOHON-ADIRESHI|archive.ubuntu.com|g' /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources`

A ganina bai kamata a ɗauke layin tsaro daga `security.ubuntu.com` ko `security.debian.org` a mayar da shi wani madubin ba, ko da na kusa ya fi sauri, domin an ware waɗannan adireshin ne don gyaran tsaro ya iso ko da madubin ƙasa ya yi barci. Saurin ɗaukowa ma'auni ne mai ruɗi: madubin da ya fi kowa sauri yana iya zama wanda kowa ya guje wa.

A Arch ana amfani da `reflector`, misali `sudo reflector --age 12 --protocol https --sort rate --save /etc/pacman.d/mirrorlist`, wanda ke zaɓo madubai da suka kwafa cikin sa'o'i 12 da suka wuce sannan ya jera su bisa sauri. Bayan sauyi sai `sudo pacman -Syyu`, inda `y` biyu ke tilasta sake ɗauko jerin ko da yana ganin nasa sabo ne. Kada a ɗauko jerin kawai a saka manhaja ɗaya a bar saura, domin Arch ba ta goyon bayan sabuntawa rabi da rabi, kuma daga nan ne manhajoji ke fara neman fayilolin da suke dogara da su (libraries) da babu su.

Mataki na bakwai: idan sigar ce ta ƙare

Wani lokaci za ka sauya madubi uku ko huɗu, kowanne ya ba ka `404`. To ba madubai ne suka tsaya ba, sigarka ce wa'adinta ya cika aka kwashe ta. Sigogin Ubuntu na tsaka-tsaki wata 9 kacal ake tallafa musu, masu dogon zango da ke fita a watan Afrilun kowace shekara biyu kuma shekara 5 a tallafin yau da kullum. Bayan wa'adi akan mayar da siga zuwa `old-releases.ubuntu.com`, kuma a nan dole a sauya layin babbar ma'ajiya da na tsaro duka biyu. Debian tana mayar da nata zuwa `archive.debian.org`, Fedora kuma, wadda kowace sigarta ke ɗaukar kimanin wata 13, zuwa `archives.fedoraproject.org`.

CentOS, wani nau'in Linux na dangin Red Hat, ce misalin da ya fi girgiza mutane. Tallafin CentOS Linux 8 ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2021, na CentOS 7 kuma ranar 30 ga Yuni 2024, daga nan aka rufe `mirrorlist.centos.org`, sai `yum`, umarnin saka manhajojinta, ya fara cewa `Could not resolve host`. Mai ganin wannan saƙon zai yi zaton intanet ɗinsa ce ta yanke. Gyaran shi ne a buɗe fayilolin `CentOS-*.repo`, a sa alamar `#` a gaban layukan `mirrorlist=`, a cire ta daga layukan `baseurl=`, a mayar da adireshinsu zuwa `vault.centos.org`, sannan a share abin da aka ajiye da `yum clean all`.

A ma'ajiyar tarihi ta Debian ne kaɗai nake ganin dalilin kashe duba wa'adi, tunda fayilolin can ba za a ƙara sabunta su ba har abada. Ko a nan ma, a kashe shi ga wannan layin kaɗai ta hanyar rubuta `[check-valid-until=no]` bayan kalmar `deb`, kada a kashe shi ga tsarin gaba ɗaya. Sannan a fahimci cewa komawa ma'ajiyar tarihi an kashe maciji ne ba a sare kansa ba: `apt` ko `yum` zai daina kuka, amma babu gyaran tsaro ko ɗaya da zai ƙara zuwa. Amfaninta shi ne ta ba ka damar saka sabuntawar ƙarshe da kayan da kake buƙata don haurawa zuwa sigar da ake tallafa wa, ta `do-release-upgrade` a Ubuntu, ko ta sauya sunan siga a Debian, siga ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ba.

Masu haurawa a Debian su lura da abu biyu. Daga Debian 11, wadda ta fita a 2021, sunan reshen tsaro ya koma `bullseye-security`, ba irin tsohon salon `buster/updates` ba, kuma wanda ya sauya sunan siga kawai ya bar salon zai sha `404`. Haka nan idan sabuwar siga ta fita, tsofaffin sigogin `apt` sukan tsaya su ce ma'ajiya ta canza `Suite` daga `stable` zuwa `oldstable`. Wannan sanarwa ce kawai, ana amincewa da ita da `sudo apt update --allow-releaseinfo-change`. Rubuta sunan siga, kamar `bookworm` ko `trixie`, ya fi rubuta `stable`, don kada wata rana ka haura ba da niyya ba.

Mataki na takwas: makullai

Tsohon tsari yakan rasa sabon makullin da ake sa hannu da shi yanzu. Maganin shi ne sabunta ƙunshin makullai na hukuma, wato `debian-archive-keyring` ko `ubuntu-keyring` ko `archlinux-keyring`, kafin sauran. Ga ma'ajiyar waje, a ɗauko makullin daga shafin masu ita, a ajiye shi a `/etc/apt/keyrings/`, a nuna shi da `signed-by` a layin wannan ma'ajiyar kaɗai, tunda an daina amfani da `apt-key`. Shawarar da ke yawo ta a sa `[trusted=yes]` ko `gpgcheck=0` shawara ce marar kyau. Sa hannun nan shi kaɗai ne dalilin da ya sa kake iya ɗauko manhaja daga sabar mutumin da ba ka taɓa gani ba ka saka ta da cikakken iko a kwamfutarka. Idan ma'ajiyar waje ta daina fitar da ƙunshi ga sigarka, ka cire layinta, ya fi ka tilasta mata.

Mataki na tara: tabbatarwa, da kuma idan madubin naka ne

Bayan gyara, `sudo apt update` ya kamata ya ƙare ba gargaɗi. Ka duba `apt list --upgradable`, idan madubin ya daɗe a tsaye za ka ga jeri mai tsawo. Ka zaɓi ƙunshi ɗaya da ake yawan gyarawa, kamar `openssl`, ka gudanar da `apt policy openssl`, ka kwatanta sigar da ya nuna da wadda ke shafin ƙunshe-ƙunshe na hukuma. Idan ka gano madubin jama'a ya tsaya, ka sanar da masu kula da shi ko masu kula da jerin madubai, domin wasu da dama na can suna ɗaukowa daga gare shi ba su sani ba.

Idan kuwa madubin na cikin gida ne, kai ke kula da shi, dalilan tsayawarsa ba su cika wuce huɗu ba. Ka duba ko faifai ya cika da `df -h`, domin ma'ajiya kullum ƙaruwa take. Ka duba ko aikin da aka tsara ya riƙa gudana da kansa yana gudana, ta bayanan `cron` ko `systemctl list-timers`. Ka nemi fayil ɗin kulle da wata kwafa da ta mutu a tsakiya ta bari, wanda ke sa kowace sabuwar kwafa ta ɗauka akwai wata da ke aiki ta janye. Sannan ka auna sabar da kake kwafa daga gare ta da ma'aunin mataki na huɗu, domin madubin da ke kwafar tsayayyen madubi zai riƙa ba da rahoton nasara kowace rana. Ga Debian, a yi amfani da `ftpsync` maimakon `rsync` zalla, saboda yana kwafa ne a zango biyu, ƙunshe-ƙunshe tukuna sannan jerin da ke ambatonsu, ta yadda babu mai ɗauko jeri ya nemi fayil ɗin da bai iso ba. Ka kuma rubuta ɗan umarni da zai riƙa kwatanta layin `Date:` na madubinka da na babbar ma'ajiya sau ɗaya a rana, ya aiko maka da saƙo idan tazarar ta wuce sa'o'i 24.